Kafso da garin Lion's Mane: abin da ke jikin kwalba da abin da ke cikinta

Kaya biyu na saya daga kamfani guda ta intanet, kwalbar kafso da jakar gari, dukansu na laimar kwaɗin nan da ake tallatawa da sunan Lion's Mane. A gaban kwalbar an zana ƙwaƙwalwa tana walƙiya, a ƙasanta an jera alkawura da manyan baƙi: kaifin tunani, natsuwa, riƙe abu a ka. Jakar garin ma haka, sai dai ita an ƙara mata da cewa tana ciyar da jijiyoyi. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don abin da na gani a kayansa ya zama ruwan dare a wannan kasuwa, kuma ba na son wani ya ɗauka da ya canza kwalba shi ke nan magana ta ƙare. Ga mai gaggawa, ga hukuncina: kafson kaya ne mai tsafta, bai cuce ni ba, bai kuma yi mini wani abin da zan iya nunawa da yatsa ba. Garin kuwa akwai hatsi a cikinsa fiye da yadda gaban jakar yake so ka sani.

Ya kamata mai karatu ya san wane ne ya sha, domin amsar ta danganta da mai shan. Aikina lissafin kuɗi ne, ina wuni ina bin lambobi a allon kwamfuta, shekaruna sun haura arba'in da biyar. Ba ni da wata cutar mantuwa. Abin da ya ja ni shi ne wannan nauyin kan da ke zuwa da yamma, ido na kan layi hankali ya yi wani wuri, da kuma sunan mutum da zai tsaya maka a bakin harshe ya ƙi fitowa sai bayan ya tafi. Irin mutanen da tallan yake nema ke nan, masu lafiya waɗanda suka fara zargin kansu.

Ita laimar sunanta a kimiyyance Hericium erinaceus. Ba ta da hula da ƙafa irin na sauran danginta. Dunƙule ce fara, da silili-silili masu reto ƙasa, tana fitowa a jikin tsofaffi ko matattun itatuwa masu tauri a dazukan Asiya da Turai da Arewacin Amurka. A China da Japan an daɗe ana cin ta, masu maganin gargajiyar China kuma sun fi saninta da gyaran ciki kafin a fara yi mata kirarin ƙwaƙwalwa. A Ingila ta yi ƙaranci a daji har doka ta hana tsinkarta. Wadda ake zubawa a kafso ba daga daji take ba, nomata ake yi a ɗaki, a cikin ledojin da aka cika da dusar katako ko hatsi.

Akwai abu guda da in ba ka fahimce shi ba, karanta bayan kwalbar nan ɓata lokaci ne. Wannan halitta kashi biyu ce. Akwai dunƙulen da ke fitowa waje ana tsinka, akwai kuma farin zaren da ke yaɗuwa a ɓoye cikin itace ko hatsi yana tsotsar abinci, wanda ake kira maisiliyom. Zan riƙa ce masa saiwa don sauƙi. Sinadaran da suka jawo mata suna su ma gida biyu ne. Hirokazu Kawagishi na Jami'ar Shizuoka a Japan da abokan aikinsa suka ware na farko daga dunƙulen a shekarun 1990 da 1991, suka sa musu suna herisinon. A 1994 suka ware na biyu daga saiwar, suka kira su erinasin. Abin da ya sa aka damu da su shi ne, da aka zuba wasunsu a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera a cikin faranti a ɗakin gwaje-gwaje, sai ƙwayoyin suka ƙara fitar da wani furotin da ake kira NGF, wanda aikinsa raya jijiyoyi da taimaka musu su yi rassa.

Shi NGF ba ƙaramin abu ba ne. Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen ɗan Amurka suka gano shi a shekarun 1950, suka karɓi lambar Nobel a kansa a 1986. (Ita Levi-Montalcini ta rasu a 2012 tana da shekara 103, kuma na sha ganin masu talla suna lallaɓo wannan cikin zancensu, alhali baiwar Allah ba ta da haɗi da kwalbarsu.) Matsalar NGF ita ce girmansa: ko an saka shi a jini ba ya iya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Shi ya sa masana suka yi ta neman wani ƙaramin sinadari da zai iya shiga ciki ya sa ƙwaƙwalwar ta ƙera nata da kanta. A ɓeraye, erinasin A ya nuna yana kaiwa can, kuma an ga NGF ya ƙaru a wasu sassan ƙwaƙwalwarsu bayan an ba su. Na herisinon bai kai haka tsayawa da ƙafafunsa ba. Wani bincike a Japan a 2008 ya gwada herisinon C da D da E a kan ƙwayoyin da aka samo daga ƙwaƙwalwar mutum, ba su tayar da NGF ba, duk da cewa ruwan da aka tatso daga laimar gaba ɗaya ya tayar. Sai a 2023 masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, a ɗakin gwajin Frédéric Meunier, tare da abokan aiki daga Koriya ta Kudu, suka nuna wasu sinadaran daban, ciki har da wanda ake kira herisin A, suna sa jijiyoyi su yi rassa a faranti, ɓerayen da aka ba su kuma suka fi tuna abin da suka gani. Wato har a tsakanin masana, tsugune ba ta ƙare ba a kan wane sinadarin ne ke aikin.

To, sai na juya kwalbata. Kowane kafso miligiram 500, a sha biyu a rana. An tatso daga dunƙule zalla, ba saiwa. Tatsa da ruwan zafi, takwas zuwa ɗaya, ma'ana wai kilo takwas na busasshiyar laima ne ya ba da kilo ɗaya na garin. Sai lamba guda ɗaya tak da aka auna: beta-gulukan, sama da kashi 25 cikin ɗari.

Na daɗe a kan wannan layin. Beta-gulukan wani nau'in zare ne da ke cikin bangon ƙwayoyin kowace laimar kwaɗi, kuma binciken da aka fi yi a kansa na garkuwar jiki ne. Samunsa da yawa shaida ce mai kyau cewa abin da ke cikin kafson laima ce ta gaske ba ciko ba, kuma a nan na yaba musu. Amma ba shi ne aka zana wa ƙwaƙwalwa mai walƙiya ba. Herisinon da erinasin, waɗanda duk tallan ya hau kansu, babu sunansu a bayan kwalbar ko sau ɗaya. Erinasin dai ba a sa ran samunsa da yawa, tunda a saiwa yake kuma kwalbar da kanta tana alfahari babu saiwa a ciki. Herisinon kuwa sinadari ne mai narkewa a mai ko a barasa, ba ya son ruwa, saboda haka tatsa da ruwan zafi kaɗai ita ce hanyar da ta fi barinsa a cikin tukar da ake zubarwa. Abin ya zama kamar ka je sayen mota don ƙarfin injinta, dillali ya miƙo maka takardar da ta tabbatar tayoyinta sababbi ne. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ka tambaya ba.

Jakar garin labarinta ya bambanta. A gaba an rubuta cikakkiyar laima, a baya da ƙananan baƙi an rubuta saiwa da hatsin da aka raine ta a kai. Yadda ake yin irinsa shi ne a dafa shinkafa ko wani hatsi, a shuka saiwar a ciki, idan ta mamaye shi a busar a niƙe duka tare, don ba a iya tsince zaren daga ƙwayar hatsin. Lambar da suka bayar ita ce ta folisakarayid, kashi mai tsoka da zai burge ka. Sai dai wannan kalma babbar jaka ce, beta-gulukan yana ciki, sitaci ma yana ciki. Ƙanwata da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje ta ga jakar a kan tebur, ta karanta bayanta, ta ce, "Yaya, kana da aidin a gidan nan?" Ta dama ɗan garin a ruwa a kofi guda, ta buɗe kafso ta dama a wani kofin, ta ɗiga aidin a kowanne. Na kafson ya tsaya a ruwan ƙasa-ƙasa. Na garin ya koma shuɗi mai duhu, har ya kusa baƙi, alamar sitaci ke nan. Ta ja mini kunne cewa wannan gwaji ba ya faɗin yawa, yana faɗin akwai ne kawai, kuma wasu kamfanonin suna haɗa garin tatsa da wani sitacin don kada ya dunƙule. Duk da haka duhun da na gani ba na ɗan ɓurɓushi ba ne.

Don adalci, saiwa ba abin banza ba ce. A takarda ma ita ce ke ɗauke da erinasin, sinadarin da ya fi shaida a dabbobi, kuma masu goyon bayan saiwar hatsi suna da hujjarsu cewa hatsin da saiwa ta ci ya riga ya canza. Amma akwai tazara tsakanin saiwar da aka raina a tankin ruwa, aka tace ta zalla, aka auna erinasin ɗinta, da wadda aka niƙa da abincinta aka zuba a jaka ba tare da an auna komai ba. Tawa ta biyun ce.

Wajen sha babu wahala. Kafson matsakaici ne, ɓawonsa na tsiro ne ba na dabba ba, yana wucewa da ruwa ba tare da ya tsaya a maƙogwaro ba, sai ɗan ƙamshin itace idan ka yi gyatsa. Kwalbar baƙa ce mai hana haske, bakinta a liƙe, da 'yar jakar tsotse danshi a ciki. Garin yana da ɗan zaƙi-zaƙi irin na hatsi, ba ya narkewa, yana kwantawa a gindin kofi sai ka yi ta juyawa. Zif ɗin jakar ya daina kamawa tun ban kai rabi ba, garin ya fara curewa, dole na juye shi a wani mazubi.

Yanzu ga abin da aka gani a jikin mutane, domin ɓera ba ya cike takardar haraji. Binciken da kowane mai talla yake jingina da shi an buga shi a 2009 a Japan. Mutum 30 ne, maza da mata 'yan shekara 50 zuwa 80, waɗanda aka tabbatar tunaninsu ya fara ɗan rauni amma bai kai cutar mantuwa ba. Rabi aka ba su ƙwayoyin busasshen garin dunƙule, miligiram 250 kowace, huɗu-huɗu sau uku a rana, wato giram 3 a wuni, har mako 16. Ɗaya rabin aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma daga masu sha har masu aunawa ba wanda ya san wa ke shan me. Makin masu shan laimar a gwajin tunani ya fi na sauran a mako na 8 da na 12 da na 16. Mako huɗu bayan sun daina sha, makin ya sauko. Tsarin binciken mai kyau ne, ban raina shi ba. Amma mutum 30 ne, kuma jagoransa ma'aikacin wani kamfanin noman laimar kwaɗi ne. Wannan ba ya nufin an yi ƙarya. Yana nufin ana bukatar wani da ba shi da kaya a kasuwa ya maimaita da mutane ɗaruruwa.

Kuma ka lura da abu biyu. Su gari suka sha na dunƙule gaba ɗayansa, ba a tatse komai an zubar ba. Ni giram ɗaya nake sha na abin da ruwan zafi ya ɗebo. Kamfanin zai ce giram ɗayan nan daidai yake da giram takwas, amma daidai a me? A beta-gulukan wataƙila. A sauran, lissafin bai fito ba, kuma ni lissafi ne sana'ata. Na biyu, su mutane ne da tunaninsu ya riga ya fara sauka. Sakamakonsu ba takardar shaida ba ce ga mai lafiya da ke neman ƙari.

Sauran binciken zan bi su da sauri. A 2010, a Japan dai, mata 30 suka ci biskit da aka saka wa garin na mako huɗu, aka ga alamun raguwar damuwa, amma mafi yawan bambancin tsakanin kafin da bayan ne a rukuni guda, ba tsakaninsu da masu cin biskit ɗin bogi ba. A 2019 wasu 'yan sama da shekara 50 suka sha giram 3.2 a rana na mako 12, aka yi musu gwajin tunani iri uku, ɗaya ne kawai ya nuna ci gaba. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Taiwan a 2020, domin shi ne ya yi abin da nake nema a bayan kwalba: masu cutar mantuwa ta Alzheimer a matakin farko, ƙasa da mutum 50, suka sha kafso uku a rana na saiwa zalla, miligiram 350 kowanne, kuma an san kowane giram yana ɗauke da miligiram 5 na erinasin A. Mako 49 aka yi. Masu shan sun fi sauran iya gudanar da hidimomin yau da kullum, makinsu a gwaji guda ya ɗan tashi. Shi ma ƙarami ne, shi ma da hannun kamfanin da ke ƙera kayan a ciki, amma aƙalla an san me aka sha da nawa aka sha.

Ga masu lafiya irina kuwa, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. A Jami'ar Northumbria ta Ingila, a 2023, mutum 41 'yan shekara 18 zuwa 45 suka sha giram 1.8 a rana na kwana 28. Awa guda bayan shan farko sun ɗan fi sauri a wani gwajin bambance kalma da launi, a ƙarshen wata kuma an ga kamar damuwarsu ta ragu, amma bambancin bai kai mizanin da masana ke amincewa da shi ba. Su kansu masu binciken sun rubuta cewa a wasu gwaje-gwajen ba a ga komai ba, a wasu ma ɗan koma baya aka gani. A Amurka, a 2022, ɗaliban jami'a suka ci giram 10 a rana na mako huɗu, ninki uku da ɗoriya na abin da aka sha a Japan, ba a ga wani canji a tunaninsu ba. Wannan na ƙarshen ban taɓa ganin an saka shi a shafin talla ba.

Ni fa? A makon farko na ji kamar kaina ya washe. Na san kuma haka nake ji duk lokacin da na sayi sabon abu da niyyar gyara rayuwata, har sabon littafin rubutu. Da na gaya wa ƙanwata, dariya ta yi ta ce, "Yaya, in kana so ka sani, ka bari in ɓoye maka." Ta samo ɓawon kafso mai duhu wanda ba a ganin cikinsa, ta zuba garin kwalbata a wasu, ta zuba sitaci zalla a wasu, ta raba su mazubi biyu ta sa musu alamar da ita kaɗai ta sani. Na sha na farko na wasu makonni, na huta, na sha na biyu. Kowace yamma ina rubuta abin da zan iya ƙirgawa: kurakuran da na kama a aikina washegari, lokacin da kaina ya fara nauyi, ƙarfe nawa na kwanta. Da ta buɗe mini sirrin, shafukan mazubi na farko da na biyu ba su da wani bambancin da zan iya karewa a gaban kowa. Abin da ya fito fili a littafin wani ne daban: duk ranar da kurakurai suka yi yawa, idan ka duba layin sama, na raba dare ne ina riƙe da waya.

Mutum ɗaya ba bincike ba ne, kuma makonnina ba su kai 16 na Japan ba balle 49 na Taiwan. Ina da wani abokin aiki da ke rantsuwa da wannan laima, yana cewa tunda ya fara sha ya daina neman makullinsa, kuma ba zan ce masa ƙarya yake ba. Abin da zan iya faɗa shi ne kwalbar da na saya, a yadda aka ce a sha ta, a jikin mai lafiya irina, ban iya rarrabe ta da sitaci ba. Garin ban ma wahalar da ƙanwata a kansa ba, tunda aidin ya riga ya nuna zai zama gwada sitaci da ɗan'uwansa.

Ta fuskar illa, abin da na ji kaɗan ne: kumburin ciki a kwanakin farko idan na sha ban ci komai ba, ya wuce da na koma sha bayan abinci. Amma kada kalmar "na halitta" ta ruɗi kowa. A gwajin Taiwan mutum huɗu sun yi fama da ciwon ciki da tashin zuciya da ƙuraje. A 2003 likitoci a Japan sun ba da rahoton wani dattijo ɗan shekara 63 da numfashinsa ya sarƙe har aka kwantar da shi, bayan ya yi watanni yana shan abin da aka tatso daga wannan laima, kuma gwajinsu ya karkata ga cewa jikinsa ne ya ƙi ta. Rahoto ɗaya ne, amma duk wanda laimar kwaɗi ke sa shi ƙaiƙayi ko asma ya yi nesa da ita. A ɗakin gwaji an ga herisinon B yana hana ƙwayoyin jini manne wa juna, a dabbobi kuma an ga laimar tana sauke sukari, don haka mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon sukari, da wanda za a yi wa tiyata, su tambayi likitansu tukuna. Mai ciki da mai shayarwa ba a gwada a kansu ba. Bayan kwalbata ya ambaci masu ciki, bai ambaci sauran ba. Wanda ba ya son barasa kuma ya duba da kyau idan na ruwa zai saya, domin yawancin na ɗigawa a cikinta aka jiƙa su.

Wanda mantuwarsa ta wuce ta suna da makulli, yana ɓata a hanyar da ya sani, ko yana maimaita tambaya guda a zama guda, wurin likita ya kamata ya fara zuwa kafin shafin sayayya. Ƙarancin bitamin B12, da raunin ƙullin maƙogwaron da ke sarrafa kuzarin jiki, da sarƙewar numfashi cikin barci, da ciwon damuwa, duk suna kawo mantuwa, duk kuma ana gano su a yi maganinsu. Watannin da za a ɓata ana jiran kafso ya yi aiki na iya zama watannin da suka fi tsada.

A can ƙasan kwalbar akwai wani ɗan akwati da rubutun da sai ka matso da ido. Yana cewa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta tantance waɗannan maganganun ba, kuma kayan ba don gano cuta ko warkar da ita ko hana ta aka yi shi ba. Dokar da Amurka ta yi a 1994 ce ta tsara haka: kayan ƙarin lafiya ba sa bukatar su nuna suna aiki kafin su shiga kasuwa, muddin ba su ambaci sunan cuta ba kuma sun manna wannan gargaɗi. Shi ya sa gaban kwalbar yake cewa tana "tallafa wa" tunani, ba ya cewa tana magance mantuwa. Lauya ne ya zaɓi kalmar.

Sai hulɗa da kamfanin, kuma a nan suna da abin yabo. Kayan sun iso a naɗe da kyau, ranar lalacewarsu da saura sosai. Na aika musu saƙo ina neman takardar gwajin kaya, domin laimar kwaɗi tana tsotsar ƙarafa masu guba daga abin da ta tsiro a kai, kuma tatsa tana iya tattara su wuri guda. Washegari suka turo. Takardar kafson daga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa take, lambar da ke kanta ta yi daidai da wadda aka buga a gindin kwalbata, dalma da kadmiyom da asinik da makuri duk suna ƙasa da iyakar da takardar ta gindaya, beta-gulukan ma ya cika abin da suka rubuta. Ta garin kuwa lambarta ta wani zubin ce daban, ba na jakata ba, kuma ba a raba sitaci da beta-gulukan a cikinta ba. Da na nuna musu, ba su yi gardama ba, suka ce in ina so su mayar mini da kuɗin garin, kuma sun mayar.

Tambayata ta ƙarshe gare su ita ce miligiram nawa na herisinon ko erinasin ke cikin kowane kafso. Matar da ta amsa ta rubuto cikin ladabi cewa ba sa auna su, amma abokan cinikinsu da yawa suna jin daɗin kayan. Ga wanda laima mai tsafta kawai yake nema, ya san me yake saya, kafson ya wadatar. Ni da na zo don abin da aka zana a gaban kwalba, ban sake oda ba, kuma na gaba da zan duba sai wanda ya rubuta adadin erinasin A a bayansa, da takardar gwaji mai lambar da ta yi daidai da ta kwalbar da ke hannuna.